Daga Kukawa Zuwa Tambutu: Yadda Za Mu Koya wa Yara Tafiyar Abdulkarim da Dorugu

Ina gaida 'yan kasuwar Sabon Gari da suka kunna rediyo a rumfunansu, 'yan yadi da masu kayan miya da masu sayar da littattafan makaranta, da 'yan dako masu tura baro, da maƙwabtanku na Kantin Kwari da Singa. Gaisuwa ta musamman ga malaman makarantun Fagge da Sabon Gari, domin shirin yau naku ne, ko da yake iyaye ma suna da kasonsu a ciki.

Darasin tarihi ya dawo makarantunmu bayan shekarun da ya yi a ajiye, kuma duk malamin da aka ba shi ba zai rasa cin karo da labarin Turawan da suka ratsa ƙasar nan kafin mulkin mallaka ba. Yadda aka saba koyar da shi kuwa kun sani: a rubuta suna a allo, a rubuta shekara, yara su haddace, a yi jarrabawa, a manta. Abin yana damuna, saboda labarin ya fi ƙarfin haka, kuma rabinsa namu ne. Yau zan ɗauki tafiya guda ɗaya in baje ta, sannan in faɗi yadda nake ganin ya kamata a kai ta aji.

A watan Maris na 1850 wasu Turawa uku suka tashi daga Tarabulus, a gaɓar Bahar Rum, suka fuskanci kudu. Gwamnatin Ingila ce ta turo su, su ƙulla mata yarjejeniyar ciniki da sarakunan ƙasashen da ke kudu da Sahara, su kuma rubuto mata hanyoyi da garuruwa. Shugabansu James Richardson mutumin Ingila ne mai adawa da cinikin bayi. Sauran biyun Jamusawa ne: Adolf Overweg, masanin duwatsu da taurari, da Heinrich Barth, haifaffen Hamburg a 1821, wanda ya karanci tarihi da harsuna, ya kuma riga ya iya Larabci. Barth ya raɗa wa kansa suna Abdulkarim, da wannan suna aka san shi a fadojin sarakunanmu. Cikin kayansu har da jirgin ruwa, an yanka shi gunduwa-gunduwa an ɗora wa raƙuma, don a harhaɗa shi a Tafkin Chadi. Malam, fara da wannan jirgin. Babu yaron da zai ji an ratsa hamada da jirgin ruwa a bayan raƙumi bai ɗaga kai ya saurara ba.

Akwai kuma abin da ya faru kusa da garin Gat a watan Yuli na wannan shekara. Akwai wani dutse da ake kira Idinen, wanda Buzayen wurin suke cewa mazaunin aljanu ne, suka kuma gargaɗi Barth kada ya je. Barth ya ƙi ji, ya tafi shi kaɗai. Ya ɓata, ruwansa ya ƙare, ƙishirwa ta kai shi ga tsaga hannunsa yana tsotsar jininsa. Wani Buzu ne ya bi sawunsa ya same shi a kwance, ya ba shi ruwa. Da wannan mutumin bai iya bin sawu ba, da a nan labarin ya ƙare, da babu littafi, da babu darasin yau. Hausawa sun ce baƙo ko da idonsa makaho ne. Ina so yara su riƙe wannan tun daga farko, domin haka tafiyar ta kasance har ƙarshenta: kowane zango akwai ɗan ƙasa da ya nuna hanya, ko ya ba da ruwa, ko ya tsaya wa baƙon.

Daga nan suka shiga Azbin. Barth ya leƙa Agadas a watan Oktoba, inda har yau ake nuna gidan da ya sauka, sannan suka biyo ayarin gishirin Bilma zuwa kudu. A Damargu, cikin Janairun 1851, suka rabu: Richardson ya nufi Damagaram, Overweg ya yi Gobir da Maraɗi, Barth kuma ya biyo ta Katsina ya shigo Kano ranar 2 ga Fabrairu, 1851, zamanin Sarki Usman ɗan Ibrahim Dabo.

To, a nan ne nake so mu ɗan zauna, ku 'yan kasuwa ku matso kusa da rediyo. Lokacin da Barth ya zo babu Sabon Gari. Sai bayan isowar jirgin ƙasa a 1911 aka yanka ta. Amma akwai Fagge a bayan ganuwa, masaukin ayarin da ke zuwa daga arewa, kuma akwai Kasuwar Kurmi a cikin birni. Barth ya shigo Kano da bashi a wuyansa, zazzaɓi kuma ya kwantar da shi a masaukinsa na unguwar Dala. Duk da haka, cikin wajen wata guda da ya yi, ya hau dutsen Dala ya zana birnin, ya zaga unguwanni bisa doki, ya yi ta tambayar dillalai da fatake. Ya ƙiyasta mutanen birni dubu 30, ya ce a lokacin cin kasuwa na rani sukan kai dubu 60. Ya ce tufafin da ake saƙawa a rina a ƙasar Kano suna kaiwa Murzuk da Gat da Tarabulus, suna kaiwa Tambutu, wato Timbuktu, har gaɓar tekun Atlantika. Abin da ake kaiwa Tambutu kaɗai, in ji shi, ya kai kayan raƙumi 300 a shekara, kuɗinsu wuri miliyan 60. Goro kuma ya ce ana shigo da kayan jaki sama da 500 duk shekara, kowane kaya in ya iso lafiya ana sayar da shi wajen wuri dubu 200.

Malamin lissafi, ga aiki ya same ka. Ka ce yara su raba miliyan 60 gida 300. Za su sami dubu 200. Ashe kayan jaki ɗaya na goro daidai yake da kayan raƙumi ɗaya na tufafi. Ka tambaye su dalili. Su da kansu za su gano cewa goro daga nesa yake zuwa, kuma kaya ne mai saurin lalacewa, sai ana buɗe shi ana tsince ruɓaɓɓen ana yayyafa masa ruwa duk tsawon hanya. Ka ƙara musu cewa a Kano ta wancan lokaci wuri 2,500 ne riyal ɗaya na azurfa, kuma wuri dubu 20 shi ne keso ɗaya. Keso nawa mai jakin goro zai karɓa? Riyal nawa ke nan? Wa zai ƙirga masa, kuma wa zai ɗauka? Yaron da ya yi wannan lissafi ya fahimci abin da ya sa dillali da mai masauki da amana suka zama ginshiƙan kasuwancin Kano, ba tare da an sa shi haddar komai ba.

Wani abu kuma da Barth ya lura da shi zai ba ku mamaki. Yawancin tufafin Kano da ke zuwa Tambutu ba sa bin hanyar yamma kai tsaye. Sai su yi arewa zuwa Gat da Gadamas, su karkata zuwa Tuwat, sannan su gangaro Tambutu. Ku duba taswira ku ga irin wannan zagaye. Dalili shi ne rashin tsaro a hanyar da ta fi kusa. Duk direban babbar mota da ke saurarona yanzu ya san abin da ake nufi da a bar gajeriyar hanya a bi doguwa don a isa da rai da kaya.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, muna tare. Zan wuce shekarun Barno da sauri. Richardson ya rasu a watan Maris na 1851 kafin ya isa Kukawa. Barth ya sauka a Kukawa wurin Shehu Umar na Barno, daga can ya je Adamawa ya ga kogin Binuwai ya shiga Yola a watan Yuni, ya je Kanem, ya je Bagarmi. Overweg ya harhaɗa jirgin nan ya shiga Tafkin Chadi da shi, sannan shi ma ya rasu a watan Satumba na 1852. Barth ya rage shi kaɗai cikin Turawan uku. Maimakon ya koma gida, sai ya yanke shawarar fuskantar yamma, zuwa Tambutu, garin da aka kashe Baturen Ingila Gordon Laing a kusa da shi a 1826.

Ya bar Kukawa ranar 25 ga Nuwamba, 1852. Cikin 'yan rakiyarsa akwai Muhammadu na Gatrun, mutumin Fezzan, wanda shi ne amintaccen baransa, kuma daga baya ya yi wa wasu matafiyan Jamusawa biyu, Rohlfs da Nachtigal, irin wannan aiki. Akwai kuma yara biyu da Overweg ya fansa daga bauta: Abbega, ɗan ƙabilar Margi, da Dorugu, Bahaushe. Ku riƙe sunan Dorugu, za mu dawo kansa.

Suka bi ta Damagaram, suka zo Katsina a Fabrairun 1853. Tsakanin Katsina da Sakkwato lokacin ana fama da hare-haren Gobirawa, don haka sai da suka ratsa dajin Gundumi a tafiya ɗaya ta wajen awa 26, ba zango ba hutu. Barth ya gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba ɗan Muhammadu Bello, ya sami takardar izini da aminci, ya zauna a Wurno, ya ziyarci Sakkwato. A wannan yanki ya sadu da Malam Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu, ya kuma yaba da zurfin iliminsa. A Gwandu, Sarki Halilu bai yarda ya gan shi ido da ido ba, amma a garin ne wani malami ya ara masa littafin Tarikhus Sudan, tarihin daular Songhai da Tambutu. Ya shafe kwanaki yana kwafar abin da ya iya. Ya ɗauka Ahmad Baba ne ya rubuta shi, alhali Abdurrahman as-Sa'adi ne. Ta wannan kwafe-kwafen ne malaman Turai suka fara sanin tarihin Songhai yadda ya kamata. Ku lura da inda littafin yake: a ɗakin karatun wani malami a Gwandu. Haka a Kukawa ya sami jerin sarakunan Barno da rubuce-rubucen Imam Ahmad ibn Fartuwa. Haka a Bagarmi ya zauna da wani makahon malami Bafulatani, Faki Sambo, suna hira kan Aristo da Aflatun. Yaron da ake gaya wa cewa kakanninsa suna cikin duhu sai da Bature ya zo, a karanta masa wannan.

Daga Gwandu suka bi ta Birnin Kebbi, a lokacin da Kabawa da Zabarmawa da Dandawa suke tawaye, suka wuce kwarin Foga inda ake dafa gishiri, suka ƙetare Kwara a Sayi ranar 20 ga Yuni. Sai damina ta same su a ƙasar Liptako, suka wuce Dori, suka bi ta gindin duwatsun Hombori. A wannan yanki, da ya shiga ƙasar da ke ƙarƙashin ikon daular Masina, Barth ya ɓoye addininsa, ya ce shi sharifi ne daga gabas mai kai wa shehin Tambutu littattafai. Ya shiga Tambutu ranar 7 ga Satumba, 1853, wata tara da 'yan kwanaki bayan barinsa Kukawa.

Da asirinsa ya tonu, mahukuntan Masina suka nemi a kore shi ko a miƙa musu shi. Wanda ya tsaya masa shi ne Shehu Ahmad al-Bakka'i, babban malamin Ƙadiriyya na zuriyar Kunta. Ya ce wannan baƙonsa ne, ya shigo da aminci, kuma shari'a ba ta yarda a ci amanar wanda aka ba aminci ba. Ya rubuta hujjojinsa ya aika, ya fitar da baƙon zuwa zangonsa a bayan gari, ya tara magoya bayansa, ya sa kansa da iyalinsa cikin haɗari na tsawon watanni saboda Kirista guda ɗaya. Da lokacin tafiya ya yi, a watan Mayu na 1854, shi da kansa ya raka shi har yankin Gawo. Malaman Islamiyya da na darasin addini, a ganina wannan babi naku ne. A unguwa irin Sabon Gari, inda Musulmi da Kirista suke rumfa jikin rumfa, ban san wani labarin tarihi da ya fi wannan dacewa a gaya wa yara ba.

Barth ya dawo Kano a watan Oktoba na 1854, ya tarar an daɗe da baza labarin mutuwarsa, har a Turai an yi ta'aziyyarsa a jaridu. Ba shi da ko wuri, sai da ya ci bashi wurin attajiran Gadamas mazauna Kano bisa sharaɗin zai biya ninki. Ya koma Kukawa, ya sake ratsa Sahara, ya isa Tarabulus a ƙarshen Agustan 1855, ya sauka Landan a watan Satumba. Shekara biyar da rabi, tafiyar mil dubu goma ko fiye. Ya wallafa labarin cikin manyan littattafai biyar a 1857 da 1858.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Yanzu mu koma kan Dorugu. An haife shi wajen 1839 ko 1840 a wani ƙauye mai suna Dambanas, kusa da Kance a ƙasar Damagaram, cikin Jamhuriyar Nijar ta yau. Yana yaro aka kama shi a hari, aka raba shi da iyayensa, aka sayar da shi, ya yi ta sauya hannu har ya faɗo wurin Overweg. Wato lokacin da aka kama hanyar Tambutu bai wuce shekara 13 ba, sa'an 'yan aji ɗaya ko biyu na ƙaramar sakandare. Da shi aka ratsa Gundumi cikin dare, da shi aka ƙetare Kwara, da shi aka yi zaman ɗar-ɗar na Tambutu. Sannan shi da Abbega suka bi Barth suka ƙetare Sahara da teku, suka ga Landan da Hamburg da Berlin.

A Ingila suka zauna wurin wani limamin mishan mai suna James Frederick Schön, wanda ke nazarin Hausa. Dorugu ya riƙa ba shi labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi da bakinsa, shi kuma yana rubutawa. Wannan ya taimaki Schön wajen littafinsa na nahawun Hausa na 1862 da ƙamus na 1876, kuma labarin Dorugu ya fito cikin littafin Magana Hausa a 1885. Yana cikin tsofaffin labaran rayuwa da muke da su da Hausar boko. A ciki yaron ya faɗi yadda aka kama shi, ya faɗi garuruwan da suka bi, ya kuma bayyana Turawa a ƙasarsu, cimarsu da zamansu da al'adunsu, kamar dai yadda Barth ya bayyana mu. Dorugu ya dawo gida a 1864, ya yi aikin tafinta shekaru da dama, a ƙarshen rayuwarsa ya koyar a makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa a 1909. A Kano ya rasu a 1912. Abbega kuma ya zama sarkin Lakwaja, jikansa Maimaina ya zama sarkin Askira. A 1971 Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka sake fito da labarin Dorugu da na Maimaina a littafi ɗaya.

Ku duba fa, jama'a. Mutumin da ya je Tambutu da Landan yana yaro, ya bar mana labarinsa da harshenmu, ya koyar a garin nan, aka binne shi a garin nan, amma ɗalibai nawa ne a Fagge suka taɓa jin sunansa? Shawarata ga malamai ita ce a koyar da tafiyar ta idonsa. A ce wa yaro: kai ne Dorugu, shekarunka 13, an tashe ka da asuba a zango an ce yau za a shiga Gundumi, rubuta mana abin da ka gani da abin da ka ji tsoro. Wannan insha'i ne, tarihi ne, labarin ƙasa ne, duk a darasi ɗaya.

A kuma gaya wa yara cewa yamma ba baƙuwar ƙasa ba ce ga mutanen Kano. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce tun zamanin Sarki Abdullahi Burja, a ƙarni na 15, aka buɗe hanyar Gwanja. Fatakenmu, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, sun yi ta kai kanwa da tufafi da fatu suna ƙetare Kwara, su ratsa Borgu, su bi ta Sansanin Mango da Yandi su isa Salaga a ƙasar Ghana ta yau, su ɗauro goro su dawo. Zuwa da dawowa yakan ci wata shida har shekara. Ayari yana da madugu mai shugabanci da sasantawa da sarakunan hanya kan kuɗin fito, da jagaba mai shiga gaba, da uban dawaki. Malam Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858 ya rasu a Kete Krachi a 1934, ɗan wannan hanya ne. Alhassan Ɗantata ma da goron Gwanja ya fara. Abin da Barth ya fi madugai da shi shi ne alƙalami da agogo da na'urar nuna alƙibla: kullum sai ya rubuta awa nawa aka yi, ina aka fuskanta, mene ne sunan ƙauyen, me suke nomawa. Madugu ya fi shi sanin hanya nesa ba kusa ba, amma da ya mutu sai saninsa ya bi shi, sai ɗan abin da 'ya'yansa suka riƙe. Wannan ya isa dalilin da za a sa yaro ya saba da rubuta abin da ya gani.

Akwai wuraren da labarin yake da ɗaci, kuma ban yarda malami ya tsallake su ba. Na farko, bauta. Wanda ya kama Dorugu ya sayar ba daga Turai ya zo ba. Barth ya ƙiyasta bayin da ake fitarwa daga Kano a shekara sun kai dubu biyar, kuma shi kansa ya bi rundunar Barno zuwa ƙasar Musgu ya ga yadda ake ƙone ƙauyuka ana kama mata da yara, ya rubuta abin da idonsa ya gani. A faɗa wa yara haka, cikin natsuwa, ba tare da nuna wani gida ko wata zuriya ba. Na biyu, me tafiyar ta haifar? Barth ba soja ba ne, kuma ya yi wa mutanen ƙasar nan adalci a rubutunsa fiye da yawancin Turawan zamaninsa. Amma gwamnati ce ta aiko shi don amfaninta, kuma hanyoyi da ganuwoyi da ƙarfin sarakunan da ya rubuta sun zama abin karatun waɗanda suka zo daga baya da bindiga. Ya shigo Kano ranar 2 ga Fabrairu, 1851. Sojojin Ingila sun ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903. A rubuta waɗannan ranaku biyu a allo, a raba aji gida biyu, a yi muhawara: da Sarkin Musulmi Aliyu ya san abin da zai biyo baya, ya kamata ya ba shi izinin wucewa ko ya hana? Kada malam ya yanke musu hukunci. Ya dai tilasta wa kowane ɓangare kawo hujja.

Ba mu kaɗai muke da irin wannan darasi ba. A Amurka kusan kowane ɗan makaranta ya san tafiyar Lewis da Clark, waɗanda Shugaba Jefferson ya tura daga 1804 zuwa 1806 su ratsa yammacin ƙasar har tekun Pasifik. An daɗe ana koyar da ita da sunayen mutum biyun nan kawai. Daga baya aka waiwayi Sacagawea, matashiya 'yar ƙabilar Shoshone da ta yi musu tafinta da jaririnta a goye, har aka sa hotonta a kan tsabar dala a 2000. Aka waiwayi York, bawan Clark, wanda ya sha duk wahalar da suka sha amma da aka dawo bai sami lada ko fili kamar sauran ba. Aka kuma fara tambayar abin da ya sami ƙabilun da suka ciyar da matafiyan. In sun iya waiwayar nasu, mu da namu ya bar mana labari da bakinsa ba mu da uzuri.

To, yaya za a yi a aikace, a makarantar da ba ta da taswirar bango balle kwamfuta? A fita fili. A sami toka ko farar ƙasa a zana Kwara a ƙasa, yadda ta yi baka ta hau arewa ta sauko. A ajiye duwatsu a matsayin Kukawa, Damagaram, Katsina, Wurno, Gwandu, Sayi, Dori, Tambutu. Kowane dutse a tsayar da yaro ɗaya, shi ne mai garin, shi zai faɗi abin da ya faru a wurinsa da ƙasar da garin yake ciki a yau. Za su ga tafiyar ta ratsa Najeriya da Nijar da Burkina Faso da Mali, alhali a wancan lokaci babu ko ɗaya daga cikin waɗannan iyakoki. Sauran yara su zama ayari, su zaɓi madugunsu, su yi ciniki da masu gari kan kuɗin wucewa.

Sai kuma kasuwa. A nemi izinin iyaye da na shugabannin kasuwa, a zo da safe kafin cunkoso, a kasa yara biyar-biyar, kowane rukuni da babba ɗaya. Kowane yaro da littafinsa da biro. Aikinsu shi ne irin wanda Barth ya yi a Kurmi: su zaɓi kaya ɗaya, atamfa ko takalmi ko man ja ko batir, su tambayi mai rumfa daga ina ya fito, ta wace hanya, kwana nawa yake yi, hannu nawa yake bi, me ake biya a hanya, kuma su wa suke zuwa saye. Za su ji Legas da Anaca da Aba da Kwatano, za su ji Dubai da Chaina, za su ji masu saye daga Maraɗi da Damagaram da Chadi da Kamaru. In sun koma aji a haɗa amsoshin a zana taswirar Sabon Gari ta bana, a ajiye ta kusa da ta Kano ta 1851, a ga hanyoyin da suka mutu da waɗanda suke nan da ransu. Wanda ya sami hali ya ƙara da kai su marinar Ƙofar Mata, da Gidan Makama, da Gidan Ɗan Hausa, da kasuwar goro ta Mariri.

Ku kuma 'yan kasuwa, Alhaji, Hajiya, Oga, Madam, ina roƙonku alfarma. In kun ga yara da littafi a bakin rumfa suna tambaya, a ba su minti biyar. Ba sirrin cinikinku suke nema ba, hanya suke tambaya. Wanda kuma yake da tsoho a gida da ya taɓa jin labarin fataucin Gwanja daga bakin mahaifinsa ko kakansa, ko wanda iyayensa suka zo Sabon Gari a jirgin ƙasa daga kudu, ya sa ɗansa ko 'yarsa su zauna da shi a daren nan, a ɗauki muryarsa a waya, a rubuta sunayen zangunan da ya tuna bi da bi, a kai wa malamin tarihi ranar Litinin.

A shiri na gaba, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki tafiyar Clapperton, wanda ya riga Barth shigowa Kano a Janairun 1824, da zamansa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato, da taswirar da aka zana masa a can. Malamai a tanadi tambayoyi.